Ƙafar Dama

Ni ne Nomau, tela a bakin babbar kasuwar Maradi.
Shekara ashirin da biyu ƙafar dama ke ci da gidana,
ita ke taka keke, allura na bin ta a baya,
har ranar da na hau mota zuwa Cadawa
zan kai wa wani dillali riguna bakwai.

Kujera goma sha tara, mu ashirin da shida.
Buhunan wake a bisa, da jar akuya ɗaure.
Ban ji fashewar tayar ba, wallahi.
Na dai ga sama ta koma ƙasa,
wake na zuba kan kwalta kamar ruwan fari,
can nesa takalmina, ƙafa ɗaya, yana jira na.

Karaya biyu. Ƙarfe cikin ƙwauri.

Masu dubiya suka zo da fura da magana guda:
ƙaddara ce, Nomau, ka gode da ka tashi da rai.
Na gode. Ban taɓa jayayya da Mai Sama ba.
Amma tayar nan da ta suɗe kamar tafin hannu,
ba daga sama aka saukar da ita ba.

Kwana tara sai ga ɗan aiken mai mota,
goro a leda, sabulu, jikka ashirin,
da takarda mai layi uku.
Dangwala nan, in ji shi, mu ba ma son dogon zance.
Har na miƙa yatsa.
Tsahara, mai wanke mini ciwo, ta ajiye almakashi
ta ce, Baba, hannunka akwai magani, bari ya bushe.

Da ya fita ta rage murya:
motar haya ba ta hawa hanya sai da inshora,
kuma kai da ka biya kujera kana cikin lissafi.
Nemi takardar da jandarmomi suka rubuta a wurin,
nemi shaidar likita mai hatimi.
Ko ƙwaya ɗaya ka saya, ka karɓi rasiɗi.
Kwanakin da keke ya kwana shiru, su ma a ƙirga.

Na aiki Harisu ya tambayo mini Malam,
ko neman diyya butulci ne ga wanda ya tsira.
Malam ya ce yafiya kyauta ce,
ba a karɓar kyauta daga mutum yana kwance.

Direban ma ya zo, Ma'azu, kai naɗe da bandeji.
Ya tsaya bakin ƙofa, ya kasa shigowa.
Sau uku ya yi ƙorafin tayar, in ji shi,
sau uku aka ce ta ƙara kai mako.
Ba kai nake bi ba, Ma'azu. Shigo, zauna.

Yanzu wata biyar.
Gwangwanin da nake tara maɓallai ya cika da rasiɗai.
Ofishin nan mai sanyi na san shi da sanda,
matakala goma sha ɗaya, na ƙirga su da haƙora.
Yau babu mai sa hannu, gobe sunana ya sha bamban,
Nomao a wata takarda, Nomau a wata,
harafi ɗaya ya ci mini sati uku da kuɗin kabu-kabu.

Sun ce likitansu zai auna abin da ƙafar ta rasa,
kashi kaza cikin ɗari.
To, ya zo da ma'auninsa.
Ni ma mai awo ne, na san inda ake rage wa mutum yadi.

Da dare ina gwada keke da ƙafar hagu.
Ɗinkin na karkacewa.
Ina warwarewa, in sake.
Litinin zan koma.